Likitan da Ya Nemo Magani a Bakin Ƙadangare

A hamadar da ta taso daga jihar Arizona ta Amurka ta gangara har Sonora a ƙasar Meksiko, akwai wani ƙadangare da ake kira dodon Gila, da sunan wani kogi na yankin. Tsawonsa bai cika wuce rabin mita ba. Baƙi ne mai ratsin ruwan goro, fatarsa gudaji-gudaji, tafiyarsa kuma a hankali kamar an tilasta shi. Wanda ya san damo zai ga kama, har ma a wajen haƙurin. Mafi yawan rayuwarsa a cikin rami yake yin ta. Sau 'yan kaɗan yake cin abinci a shekara: ya fito ya sami ƙwan tsuntsu ko jariran zomo, ya ci abin da ya kai sulusin nauyinsa a zama ɗaya, ya tara kitsen a wutsiya, ya koma ya kwanta.

Yana da dafi a muƙamuƙinsa na ƙasa. Ba ya sara ya saki irin na maciji. In ya cafke sai ya riƙe yana tauna, dafin yana bin tsagin haƙoransa yana shiga raunin. Da wuya ya kashe babban mutum mai lafiya, amma waɗanda ya taɓa ciza sun ce azabar ba ta faɗuwa. A cikin wannan dafi ne aka samo abin da ya buɗe ƙofa ga alluran nan da duniya take rububi a yau, na ciwon suga da na rage ƙiba.

Abin ya faro ne a farkon shekarun 1980, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda. Wani matashin likitan ciki mai suna Jean-Pierre Raufman yana gwada dafin halittu iri-iri, na ƙwari da macizai da ƙadangaru, a kan fankiriyas ɗin ɓeran Masar. Fankiriyas ita ce tsokar da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke fitar da ruwan narka abinci da kuma insulin. Da aka zo kan dafin dodon Gila, sai tsokar ta motsa fiye da yadda ta yi wa sauran. Raufman ya rubuta abin da ya gani aka buga a mujallar masana. Ba magani yake nema ba, so yake ya fahimci yadda tsokar take aiki, don haka maganar ta kwanta a takarda.

Wanda ya tono ta shi ne Dokta John Eng, likitan masu ciwon suga a asibitin tsofaffin sojoji da ke unguwar Bronx a birnin Niyok. Yana duba marasa lafiya, yana kuma bincike a ɗakin gwajin Rosalyn Yalow, matar da ta ci kyautar Nobel a 1977 saboda dabarar da ta ƙirƙiro ta auna homon, sinadarin da ke kai saƙo tsakanin sassan jiki, a jini komai ƙanƙantarsa. Eng ya ƙware wajen farautar sababbin homon a jikin dabbobi. Ya san cewa akwai wani dangin homon da dukkansu suke farawa da ƙwayar amino asid guda, wadda ake kira histidin, sai ya haɗa gwajin da zai zaƙulo duk wani sinadari mai irin wannan farkon. Da ya ci karo da aikin Raufman, ya yi odar busasshen dafi, ya zauna ya tace shi. A 1990 ya fitar da wani sinadari daga dafin ɗan'uwan dodon Gila na Meksiko. A 1992, shi da Raufman da abokan aikinsu suka bayyana wani daga dodon Gila kansa, mai amino asid 39 a jere, suka sa masa suna exendin-4.

Da Eng ya kwatanta jerin da sauran homon da aka sani, sai ya ga kusan kashi 53 cikin ɗari ya yi daidai da wani homon na hanjin ɗan Adam mai suna GLP-1. Nan ne zuciyar likitan ciwon suga za ta buga, domin a lokacin masana sun riga sun san darajar GLP-1, sun kuma san abin da ya gagare su a kansa.

Tun shekarun 1960 aka lura cewa in mutum ya sha suga ta baki, jikinsa yana fitar da insulin fiye da in an zuba masa sugan ta jijiya. Ke nan hanji yana aika wa fankiriyas saƙo cewa abinci ya iso. Neman ɗan saƙon ya ɗauki shekaru. A Boston, Joel Habener ya bi sawunsa a jikin wani mummunan kifi na ƙarƙashin teku. Wata ƙwararriyar mai haɗa sinadarai, Svetlana Mojsov, haifaffiyar Skopje a tsohuwar Yugoslabiya, ita ce ta gano ainihin guntun da ke aiki, ta haɗa shi da hannunta, ta nuna yana nan a hanji. A 1987 ita da Habener da Gordon Weir suka nuna yana sa fankiriyas ta saki insulin. A Kwapanhagan ta ƙasar Danmak, Jens Juul Holst ya iso wuri ɗaya ta tasa hanyar.

Abin da ya sa likitoci suka kwaɗaitu shi ne GLP-1 ba ya tunzura insulin sai suga ya hau. In suga ya sauka, shi ma sai ya lafa. Duk mai yi wa kansa allurar insulin ya san fargabar suga ya faɗi warwas, jiki ya ɗauki rawa, gumi ya keto, wani har ya suma. Ga abin da zai kauce wa wannan. Sai dai da zarar GLP-1 ya shiga jini, wani sinadari mai suna DPP-4 yakan datse masa kai, cikin kamar minti biyu rabinsa ya tafi. A 1993 Michael Nauck ya nuna a Jamus cewa in aka bar shi yana ɗiga ta jijiya ba tsayawa, sugan masu ciwon yana daidaita. To wa zai yi yawo da ƙarin ruwa a hannu har ƙarshen rayuwarsa?

Na ƙadangaren bai da wannan rauni. A daidai gurbin da DPP-4 yake kamawa ya yanka, ƙwaya ta biyu a jerin, namu yana da alanin, nasa yana da gilisin. Wannan ɗan bambanci ya sa almakashin ba ya ci. Abin da ke ɓacewa cikin mintuna sai ya zama yana yin sa'o'i. Eng ya yi wa ɓeraye masu ciwon suga allurarsa, sugansu ya sauka ya kuma daɗe a sauke.

Kowa zai ɗauka daga nan kamfanoni za su yi layi a ƙofarsa. Ba haka aka yi ba. Ya kai wa ma'aikatar tsofaffin sojojin da yake wa aiki, ya nemi ta yi rajistar haƙƙin mallakar binciken, ta ce ba ta da sha'awa. Sai ya ɗauko kuɗin aljihunsa, shi ma'aikacin gwamnati mai albashi, ya biya lauya, aka ba shi takardar a 1995. Ya yi ta bin manyan kamfanonin magani ɗaya bayan ɗaya, kowa ya saurare shi ya sallame shi. In za a yi musu adalci, dalilansu ba na banza ba ne. Abu ne da ya fito daga dafi, baƙo ne ga jikin mutum, garkuwar jiki tana iya yaƙarsa, ga shi kuma allura, alhali a ganinsu mai ciwon suga ƙwaya yake so. Amma dai ga sakamakon ɓerayen a gabansu ƙiri-ƙiri, ba wanda ya ce a gwada.

A 1996 ƙungiyar likitocin ciwon suga ta Amurka ta yi taronta na shekara a San Francisco. A irin wannan taro manya ne ke hawa mumbari. Sauran jama'a ana ba su allo ne a wani makeken zaure, kowa ya manna takardar bincikensa ya tsaya a gefe yana jiran mai tambaya. Eng ya manna tasa ya tsaya. Cikin masu wucewa akwai Andrew Young, masanin wani ƙaramin kamfani na San Diego mai suna Amylin. Ya tsaya ya karanta, ya ga tsawon lokacin da sugan ɓerayen ya yi a ƙasa, ya gane abin da yake kallo. Kafin shekarar ta fita Amylin ya sayi lasisin.

Ko a nan ma saura ƙiris komai ya rushe. A 1998 babban kamfanin da ke ɗaukar nauyin wani maganin Amylin ya janye, Amylin ya sallami mafi yawan ma'aikatansa, ya tsaya a bakin durƙushewa. Da ƙyar ya farfaɗo. A 2002 kamfanin Eli Lilly ya shigo da yarjejeniyar da za ta iya kai dala miliyan 325, sannan a watan Afrilun 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin da sunan Byetta. Allura ce sau biyu a rana, kafin cin abinci. A masana'anta ake haɗa ta, ba a tatsar ƙadangare ko ɗaya, amma masu amfani da ita suka riƙa tsokanar junansu da cewa yawun ƙadangare suke tsirawa.

Sai marasa lafiya suka fara dawowa asibiti da wani labari. Insulin da wasu tsofaffin ƙwayoyin suga ƙiba suke ƙarawa. Masu Byetta kuwa ramewa suke yi, kilo biyu, kilo uku, wasu fiye. Suna cewa abinci ya daina kiransu. Masana ba su yi mamaki sosai ba, domin tun 1996 ɗakin gwajin Stephen Bloom a Landan ya nuna cewa in aka sa GLP-1 a ƙwaƙwalwar ɓera mai jin yunwa sai ya rage ci. Homon ɗin yana rage saurin fitar abinci daga tumbi, yana kuma gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi.

Amma a wancan zamani maganin ƙiba kalma ce da kamfanoni ke gudu. An janye haɗin fen-phen a 1997 saboda yana lalata ƙofofin zuciya. An janye rimonabant a Turai a 2008 saboda yana jefa mutane cikin baƙin ciki da tunanin kashe kai. Sibutramine ya bi su a 2010. Ga kuma tsohon ra'ayin da har likitoci ba su tsira daga gare shi ba, cewa mai ƙiba kwaɗayi ne da lalaci ke damunsa, ya kame bakinsa kawai.

Wadda ta ƙi sakin zancen ita ce Lotte Bjerre Knudsen ta kamfanin Novo Nordisk a Danmak. Ta shiga kamfanin a 1989, kuma aikinta na farko ba shi da alaƙa da magani: sinadaran da ake zubawa a omo take bincike. Daga baya aka mayar da ita ɓangaren GLP-1. A tsakiyar shekarun 1990 ta dawo daga hutun haihuwa ta tarar abokan aikin sun watse, nauyin ya dawo kanta. Dabararta daban ce da ta ƙadangare. Ta ɗauki GLP-1 na mutum ta maƙala masa ɗan zaren kitse. Zaren yana sa shi ya manne wa albumin, furotin ɗin da ya fi yawa a ruwan jini, ya ɓuya a jikinsa, almakashi bai same shi da sauƙi ba, ƙoda ba ta zubar da shi da wuri ba. Haka aka sami liraglutide, allura sau ɗaya a rana. An amince da ita don ciwon suga a Turai a 2009, a Amurka a 2010. Knudsen ta dage cewa a gwada ta a kan ƙiba ita kaɗai, kuma a Disambar 2014 ta fito da sunan Saxenda. Masu amfani da ita sun rage kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinsu.

Abokan aikinta Jesper Lau da Thomas Kruse suka ɗora a kai, suka haɗa semaglutide, wanda ke yin mako guda a jiki. Ya fito a 2017 da sunan Ozempic don ciwon suga. Daga nan aka yi babban gwaji a kan manya 1,961 masu ƙiba waɗanda ba su da ciwon suga, tsawon mako 68, kowa da shawarar abinci da motsa jiki. Waɗanda aka yi wa allurar gaske sun rage kashi 14.9 cikin ɗari, waɗanda aka yi wa wadda ba magani a ciki kashi 2.4. Wato mai kilo 100 ya dawo kusan 85. Ba a taɓa ganin haka ba sai da tiyata. A watan Yunin 2021 FDA ta amince da shi da sunan Wegovy, ga baligi mai awon BMI (nauyi a kan tsawo) 30 zuwa sama, ko 27 in yana da wani ciwo da ƙiba ke jawowa kamar hawan jini. A 2023 wani gwajin mai mutum 17,604 masu ciwon zuciya ya nuna ya rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin ɗari. A shekarar ce Eli Lilly ya fito da Zepbound, wanda ya haura kashi 20 na rage nauyi a gwajinsa, a shekarar ce kuma darajar Novo Nordisk ta zarce ta kowane kamfani a Turai na wani lokaci.

Akwai maganar da ke yawo cewa da dafin ƙadangare ake yin Ozempic da Wegovy. Ba gaskiya ba ce. Kashi 94 cikin ɗari na semaglutide kwafin homon ɗin mutum ne. Rawar da ƙadangaren ya taka ita ce ya fara nuna wa duniya, a jikin dubban marasa lafiya, cewa wannan hanya tana ɓullewa. Sai kuma wani abu da yake burge ni: masu haɗa semaglutide, bayan zaren kitsen, sun canza ƙwaya ɗaya a daidai gurbin nan na biyu da DPP-4 ke yanka, wurin da dodon Gila ya riga ya toshe tun fil azal.

Rabon yabo kuwa bai tafi daidai ba. Takardun mallakar GLP-1 da aka bayar a 1992 sunan Habener kaɗai suka ɗauka. Mojsov ba ta ma sani ba sai bayan shekaru, ta ɗauki lauyoyi, ta yi ta fama har aka gyara aka sa sunanta tsakanin 2004 da 2006. Duk da haka, da aka ba da babbar kyautar Gairdner ta Kanada a 2021, maza uku aka kira, Habener da Holst da Daniel Drucker, aka tsallake ta. Sai da 'yan jarida suka tono labarin a 2023 aka waiwaye ta, kuma a 2024 ta karɓi kyautar Lasker tare da Habener da Knudsen. Shi Eng, a 2013 aka ba shi wata kyauta mai suna Golden Goose, wadda aka ƙirƙiro musamman don binciken da aka yi da kuɗin gwamnati, wanda da farko ya yi kama da shirme. Ba na jin akwai wanda ya fi shi cancanta. Da an kai wa kwamitin kasafi takardar neman kuɗin nazarin yawun ƙadangare, da dariya za a yi.

A wajenmu labarin yana iya zama bambaraƙwai, tunda har yanzu akwai gidajen da ake auna jin daɗin amarya da yadda ta murje, ana kuma shan sha-ka-fashe don a ciko. Amma masu fama da gwiwa da hawan jini da suga saboda teɓa ba sa ganin abin a matsayin ado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 masu ƙibar da ta zama ciwo sun haura biliyan ɗaya.

Allurar ba ta zo da sauƙin da masu talla ke nunawa ba. Biro ne mai ɗan siririn tsini, ana tsira shi a fatar ciki ko cinya ko dantse sau ɗaya a mako, a ajiye sauran a firji. Ana farawa da miligiram 0.25, a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu har a kai 2.4, saboda in aka yi gaggawa tashin zuciya da amai da gudawa ko taurin bayan gida su ne za su kori mutum. Tana iya jawo tsakuwa a matsarmama, a wasu 'yan kaɗan kuma kumburin fankiriyas. Ba a ba mai ciki, ba a ba wanda wani nau'in kansar tayirod, tsokar da ke gaban wuya, ke bin danginsa. Tare da kitsen, tsoka ma tana raguwa. Babban abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da aka bi sawun waɗanda suka daina allurar bayan gwajin farko, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo. Yunwar ba ta mutu ba, danne ta aka yi. Ga tsada: da Wegovy ya fito a Amurka, kuɗin wata ɗaya a rubuce ya kai dala 1,349.

Inda tsada da ƙaranci suka haɗu, 'yan jabu ba sa nisa. A watan Oktoban 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun tsira wa kansu jabun Ozempic, sugansu ya faɗi, wasu har da jijjiga, domin insulin ne a cikin biron aka manna masa wata takarda. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka, NAFDAC ma ta ja kunnen 'yan Najeriya a kan haka. Don haka, mai karatu, in ƙiba tana wahalar da kai ko wani naka, a je asibiti a auna nauyi da suga da jini, likita ya duba ko allurar ta dace, a saya a kantin magani mai rajista. Wadda wani ya tallata maka a WhatsApp ko Instagram, ba takardar likita, ba ka san inda ta kwana ba, kada ka bari ta taɓa fatarka.